Sara Dabam, Gyara Dabam: Darasi a kan Yohanna 15:2

Kafin a ci gaba da wannan takarda, a ɗauko Littafi Mai Tsarki, a buɗe Bishara ta hannun Yohanna sura 15. Wanda ya iya karatu a gidan ya karanta aya 1 zuwa 8 da ƙarfi, kowa ya ji. In yaro ne ɗan makaranta, a ce masa kada ya yi gudu.

Akwai wata tambaya da masu bi sukan yi a zuci, ba safai sukan furta ta a majami'a ba. Damina ta yi gardama, rumbu bai kai rabi ba. Akuya ta mutu. Ɗan da ya tafi cin rani ya daina aike. Dangi kuma suna harara, suna cewa ai ga abin da barin hanyar iyaye ya jawo. Mutum ya kwanta da dare, barci ya ƙi zuwa, yana cewa a ransa, “Ko dai Allah ya sare ni ne ya yar?”

Wanda ya karanta aya 2 da gaggawa, tsoronsa yakan ƙaru. Gama a nan Yesu ya kwatanta kansa da kurangar inabi, Ubansa kuma da manomi, mu kuwa rassa ne. Manomin yana taɓa rassa iri biyu. Reshen da ba ya haihuwa ya sha yanka. Reshen da yake haihuwa, shi ma ya sha yanka. To, ina bambanci? Wanda ya ji kaifi a jikinsa, yaya zai san ko wane ne shi? Amsar tana cikin kalma guda, za mu kuwa duba ta a hankali.

Kalmomi uku masu amo ɗaya

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, wato harshen mutanen Girka, domin a zamanin manzanni shi ne harshen kasuwa da na tafiya, kamar yadda Hausa take yau daga Agadas har Kumasi. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932, an kuma sake juya shi bayan haka. Masu juyi sun yi aikin aminci, muna gode wa Allah dominsu. Amma kowane harshe yana da wasan kalmominsa da ba ya ƙetarewa zuwa wani. In Bahaushe ya ce “rana ba ta ƙarya”, ko ya haɗa “gari” da “gāri” domin raha, mai juya wa Bature zai ba da ma'ana, amon kuwa ya tsaya a gida. Haka ya faru a wannan wuri.

Abin da manomin yake yi wa reshe marar 'ya'ya, Yohanna ya rubuta shi airei, daga kalmar airo, ma'anarta a ɗauke, a kawar. Abin da yake yi wa reshe mai 'ya'ya kuwa, ya rubuta kathairei, daga kalmar kathairo. A faɗe ta “katairo”, ya isa. A aya 3 kuma, inda Yesu ya shaida wa almajiransa sun riga sun tsarkaka, kalmar ita ce katharoi. Ku faɗe su a jere ku ji: airei, kathairei, katharoi. Ta fari da ta biyu amonsu ne kawai ya yi kama, asalinsu dabam dabam ne. Ta biyu da ta uku kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Katharos shi ne mai tsabta, wanda ba shi da gauraye. Kathairo kuwa aikatau ce, wato kalmar aiki, ma'anarta a mai da abu mai tsabta.

Ashe abin da Uba yake yi wa reshe mai haihuwa sunansa tsabtacewa. Mai juyi da Hausa dole ya zaɓa, ko ya sa kalmar gona domin a gane aikin, ko ya sa kalmar tsarki domin a ga yadda aya 2 ta riƙe hannun aya 3. Ku duba naku Littafin ku ga wadda aka zaɓa. Ko wace ce, ku riƙe ɗayar a zuci.

A wannan aya kaɗai kathairo ta fito cikin Sabon Alkawari, sai dai waɗansu tsofaffin kofe da suke da ita a Ibraniyawa 10:2. Amma 'yan'uwanta suna da yawa. Katharizo ita ce kalmar da aka yi amfani da ita sa'ad da Yesu ya taɓa kuturu ya warkar da shi (Markus 1:40-42). Waɗanda suka taɓa kai ɗan'uwa asibitin Danja kusa da Maraɗi sun san nauyin wannan labari. Ita ce kuma a 1 Yohanna 1:7 da 9, inda ake zancen jinin Yesu da wanke zunubi. Ekkathairo tana 1 Korantiyawa 5:7, inda Bulus ya umarci ikkilisiya ta share tsohon yisti daga cikinta.

Kalmar gona ce

Kada mu zaci kalmar malamai ce ta cikin ɗakin sujada kawai. Manoma ne suke da ita. Wani mutumin Atina mai suna Zenofon, wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, ya rubuta littafi a kan riƙon gida da gona. A ciki ya yi amfani da kathairo wuri biyu da za mu gane nan da nan. Na ɗaya, share gona daga ciyawa kafin shuka. Na biyu, shiƙar hatsi bayan an casa, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zauna. Filo kuma, wani malami Bayahude na Iskandariya ta Masar, wanda ya yi zamani da Yesu, ya yi amfani da ita a kan rage wa itace tohon da ya yi yawa. Ko Yohanna Mai Baftisma, da yake kwatanta Mai Zuwa da manomi riƙe da abin shiƙa yana share masussukarsa, Luka ya rubuta maganar da diakathairo, 'yar ɗakin wannan kalma (Luka 3:17).

Ku lura da abu guda cikin ayyukan nan uku. Mai sassabe ba ya ƙin gonarsa. Mace mai shiƙa ba ta ƙin hatsinta. Tana tsaye a bakin iska, ƙwarya a sama ƙwarya a ƙasa, ƙaiƙayi yana shiga mata ido da wuya, duk domin tuwon dare. Abin da aka raina ba a shan wannan wahala a kansa. Wa ya taɓa shiƙar ƙasa?

Helenawa suna da waɗansu kalmomi na yankan inabi. Akwai kladeuo, wadda masu gonar inabi suke faɗi kullum, har yau ma ana faɗinta a ƙasar Girka. Akwai temno, wato yanka, wadda masu juya Attaura zuwa Helenanci suka sa a Littafin Firistoci 25:3. Yohanna ya san harshen, da ya so da ya ɗauki ɗaya cikinsu. Ya bar su ya ɗauki kathairo. A ganina da gangan ne, domin mai karatu ya sa ido ga nufin manomin, kada ya tsaya ga kaifin wuƙarsa.

Abin da kututture ya koya mana

Yawancinmu ba mu taɓa ganin kurangar inabi ba. Tana yaɗo kamar duma, amma gindinta itace ne, yana shekaru da yawa. Kowace shekara ana yanke mata tsofaffin rassa da sanyi, sa'an nan bayan ta yi toho a sake bi a fizge tohon banza. In an ƙyale ta sai ta yi ganye jingim, 'ya'yan kuwa ƙanana masu tsami. Amma ba sai mun je ƙasar Yahudiya ba kafin mu gane wannan. Allah ya ajiye mana misalinsa a gonakinmu.

Dattawa sun tuna yadda ƙasar nan ta koma bayan farin shekarun 1970. Gona fayau, sai iska da rairayi. Hatsi ya tsiro, iska ta binne shi, a sake shuka sau biyu ko uku. Mata suna tafiyar rabin yini neman itacen wuta, waɗansu suna dafuwa da kara da kashin shanu. An yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, yawancinsu suka mutu.

A 1983 wani ma'aikacin mishan SIM a Maraɗi, Toni Rinaudo, mutumin Ostareliya, yana tafe da mota ɗauke da 'yan itatuwan dashe. Ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi, ransa a ɓace domin aikin ba ya ci gaba. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya. Da ya matsa ya dubi ganyen, ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen yana nan da rai, saiwarsa tana can ƙasa, kowace shekara yana fid da toho, kowace shekara kuma mai gona yana sassabe shi ya ƙone. Irinsa kuwa ba su ƙidayuwa: kalgo, sabara, magarya, geza, aduwa. Shi ya kira su dajin ƙarƙashin ƙasa. Manoma kaɗan ne suka yarda suka gwada da fari, aka yi ta yi musu dariya, gama a lokacin manomin kirki shi ne mai gona fes. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu suke kira El Buhari. Aka ba da abinci domin aiki cikin ƙauyuka da yawa, bisa sharaɗin a bar itatuwa a gona. Da abincin ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga amfani, maƙwabta suka gani, abin ya bazu daga baki zuwa baki. Masu bincike da suka duba hotunan sama bayan shekara ashirin sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo wata lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin saboda wannan. Gaskiya dai hannun talakawa ne ya yi aikin, kakanninmu ma sun san barin gawo a gona tun ba a haifi Baturen ba.

Mu dai sassabin zamani muke ce da shi, ba kuwa sai an koya muku ba. Ka iske kututture da toho ashirin ko talatin. Ka duba ka zaɓi masu ƙarfi, mi�aƙƙu, daga ɗaya zuwa biyar. Sauran ka yanke. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan gefe har wajen rabin tsawonsu, kada ka wuce, domin kada iska ko akuya ta karya su. Adda ko gatari ya zama da kaifi ƙwarai. Ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama, kada ɓawo ya saluɓe ruɓa ta shiga. Bayan 'yan watanni ka komo, gama sabon toho ya fito.

To, ga tsohon sassabe, ga sabo. Adda ɗaya, hannu ɗaya, wata ɗaya na bazara. Baƙon da ya hango daga nesa zai ce aiki ɗaya ake yi, gama duka biyu ga rassa a ƙasa. Amma na fari yana so itacen ya ɓace, na biyu yana so ya zama babba. Na fari airo ne. Na biyu kathairo ne. Mai tsohon sassabe yana tafe yana sara ko dubawa ba ya yi. Mai sabon kuwa sai ya durƙusa.

Ɗanye ake yankewa

A nan ne darasin ya yi wuya. Tohon da kake yankewa a gindin kalgo ba matacce ba ne. Kore ne shar, yana da kyan gani, ba ya da wani ciwo. Laifinsa ɗaya, yana shan ruwan da ya kamata ya tafi ga wanda zai zama itace. Haka kuma muke yi wa hatsi bayan ya tsiro: rami ɗaya tsiro goma sha, mu cire mu bar uku ko huɗu. Yaro yakan ji tausayin waɗanda aka cire. Uban ya san in an bar su duka ba wanda zai fid da zangarniya ta kirki.

Zunubi a fili, kowa ya san ba shi da wuri cikin mai bi. Sata, zina, maye, zuwa wurin boka a ɓoye, ba sai an yi dogon bayani ba. Amma Uba yana kuma sa hannu ga abubuwan da ba haram ba ne, sun dai yi yawa. Biki abu ne mai kyau, Yesu da kansa ya je na Kana. Amma gidan da ya sayar da rabin rumbu da kaka, hatsi yana arha, domin kada a ce kayan ɗakin 'yarsa bai kai na wance ba, sa'an nan da damina ya ciwo bashin tiya ɗaya a biya biyu, wannan gida ya bar toho talatin a kututture guda. Cin kasuwa ba laifi ba ne. Amma maigidan da ya san ranar kowace kasuwa daga Tasawa har Gazawa, bai kuwa san ko 'ya'yansa sun iya addu'a ba, ƙarfinsa ya tafi ga ganye. Hira da wayar hannu har tsakar dare haka. Ko aikin ikkilisiya ma yakan zama haka: mace tana cikin zumuntar mata, tana cikin mawaƙa, tana cikin kwamiti kaza, surukarta kuwa tana kwance ba mai ba ta ruwa. Ku tuna Marta (Luka 10:38-42). Abinci take dafa wa Ubangiji, duk da haka ya rage mata.

'Ya'yan da manomin yake nema, sura ɗin ta faɗe su. Ƙaunar juna ce a gaba (aya 12 da 17), da kiyaye umarninsa, da addu'ar da ake amsawa (aya 7), da farin ciki cikakke (aya 11). Bulus ya jera sauran a Galatiyawa 5:22-23. Babu yawan awaki a jerin, babu kuma cikar rumbu, ko da yake Uba ya san muna bukatarsu.

A nan misalinmu ya gaza kaɗan, gara mu faɗa. Kalgo ko bai yi 'ya'ya ba yana ba da inuwa, da igiya, da itacen wuta, da sandar shinge. Kurangar inabi ba haka take ba. Annabi Ezekiyel ya nuna itacenta ba ya isa ko a yi maratayi da shi (Ezekiyel 15). In ba 'ya'ya, ba kome. Shi ya sa mai ita ba ya wasa da gyaranta.

Wuƙar manomin

Da me Uba yake wannan aiki? Da yawa sukan amsa nan take, da wahala. Amma ku sake duban aya 3. Yesu ya ce abin da ya tsarkake almajiran shi ne maganar da ya faɗa musu. Wuƙar ita ce Maganar. Ibraniyawa 4:12 ta kwatanta kaifinta da na takobi, Afisawa 5:26 kuma ta haɗa ta da wankan ikkilisiya.

Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin an sha raunata masu makoki da wannan aya. Mace ta binne ɗanta, ciwon sauro ya ɗauke shi cikin kwana uku da damina, sai wani ya zo gaisuwa ya ce, “Yi haƙuri, Allah yana gyara ki ne.” Ɗan'uwa, kada ka faɗi haka. Yaron ba tohon banza ba ne. Ba ka san asirin Allah ba, abokan Ayuba ma da suka yi kamar sun sani, Ubangiji ya husata da su (Ayuba 42:7). Da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ƙi tambayar dukanta (Yohanna 9:1-3). A kabarin Li'azaru kuwa kuka ya yi. Ka zauna da ita, ka kawo ruwa, ka taya mijinta noma. Fara da fāri suna faɗa wa gonar mai bi da ta maƙwabcinsa daidai wa daida.

Ba mu ce wahala ba ta da aiki a hannun Allah ba. Ibraniyawa 12:5-11 ta nuna Uba yana horon 'ya'yan da yake ƙauna, ƙarshen horon kuma 'ya'yan adalci ne. Amma wahala ita kaɗai ba ta tsarkake kowa. Mun ga mutum biyu sun sha yunwa ɗaya, ɗaya ya fito da taushin zuciya yana raba ɗan abin da yake da shi, ɗayan ya fito da rowa da ɗacin rai. Sau da yawa abin da wahala take yi shi ne ta sa mutum ya tsaya cik. Wanda ya ji aya ɗaya sau hamsin tana wucewa ta bayan kunnensa, ran da ya kwanta ciwo sai ta shige shi. Wahala ta riƙe reshen, Maganar ta yi yankan.

Saboda haka ba lalle sai an jira masifa ba. Gidan da yake buɗe Littafin kowane dare, ya kuma yi abin da ya ji, yana shan gyara kaɗan kaɗan, tun tohon yana ƙarami ana iya fizge shi da yatsa. In an bar shi shekara biyar sai da gatari, tabon kuma ya fi girma. Siffar kalmar ma ta nuna wannan. Yohanna bai rubuta ta kamar abin da aka yi sau ɗaya aka gama ba. Kathairei tana nufin abin da manomin yakan yi, bana da baɗi. Tsohon da ya shekara arba'in cikin bangaskiya bai wuce gyara ba. In wa'azin Lahadi ya taɓa ka a inda yake ciwo, kada ka ce fasto ya yi da kai, ka ɗauke ƙafa daga sujada. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mutum biyu a daren nan

Yesu ya yi wannan magana a daren da aka bashe shi. Kaɗan kafin haka ya wanke ƙafafun almajiransa, ya ce musu su tsarkakakku ne, amma ba dukansu ba (Yohanna 13:10-11). Kalmar ita ce dai katharoi. Yahuda Iskariyoti yana zaune a wurin. Shekara uku yana manne da su, jakar kuɗi ma a hannunsa take, amma Maganar ba ta taɓa samun wuri cikinsa ba. Ya karɓi lomar, ya fita cikin dare. Da Yesu ya sake faɗin katharoi a 15:3, bai ƙara cewa “ba duka ba”, gama an riga an ɗauke reshen.

Waɗansu malamai masu tsoron Allah sun ce airo a aya 2 tana nufin a ɗaga, kamar yadda ake ɗaga reshen da ya kwanta cikin ƙasa a tokare shi. Gaskiya ne kalmar tana ɗaukar wannan ma'ana: ita ce a inda aka ce wa gurgu ya ɗauki shimfiɗarsa (5:8). Amma ita ce kuma a kawar da dutse daga bakin kabari (11:39), da Ɗan Rago mai ɗauke zunubin duniya (1:29). Fassarar ɗagawa tana da daɗin ji. Ni dai aya 6 ta hana ni bin ta, gama can an tattara rassan an zuba a wuta. Gargaɗin na gaske ne, kada mu rage masa kaifi.

Yanzu ku dubi Bitrus. A daren nan ya bugi ƙirji ya ce zai ba da ransa (13:37). Kafin zakara ya yi cara ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku, farkon ma a gaban yarinya mai tsaron ƙofa. Wanda ya gan shi da asubar nan yana kuka mai zafi zai ce an sare wannan, ya ƙare. Ashe fahariyarsa ce ta faɗi ƙasa, shi kuwa yana nan manne. Me ya yanke shi? Luka ya ce Ubangiji ya juyo ya dube shi, sai ya tuna da maganar da aka faɗa masa (Luka 22:61). A bakin teku Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa tumakinsa (Yohanna 21:15-17). Ranar Fentikos ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Kai da kake kwana kana tambaya ko an yar da kai, ka dubi mutanen nan biyu. Dukansu sun yi baƙin ciki. Yahuda ya kai nasa wurin manyan firistoci, suka ce ba ruwansu. Bitrus kuwa da ya ji Ubangiji ne a gaɓa, ya faɗa cikin ruwa domin ya riga jirgin isa. Kada ka auna matsayinka da cikar rumbu. Ka tambayi kanka ina kake nufa in ka ji ciwo. In wurin Yesu ne, ko da rarrafe, to, ruwan kurangar yana gudana cikinka. Busasshen reshe ba ya jin wuƙa.

Ku lura kuma ba a ba rassa aikin yanka ba. Manomin shi ne Uba. Abin da aka umarci reshe ya yi cikin ayoyin nan shi ne ya zauna, kalmar da aka maimaita sau da yawa daga aya 4 zuwa 10. Dattawan ikkilisiya da iyayen gida suna da hakkin gargaɗi, amma Bulus ya ce a yi shi da tawali'u (Galatiyawa 6:1), ya kuma hana ubanni tsokanar 'ya'yansu har su fusata (Afisawa 6:4). Mun ga matasa da sababbin tuba da aka yi wa faɗa a gaban jama'a da dakusasshen gatari, daga sama zuwa ƙasa, ɓawon ya saluɓe, har yau ba su komo ba. In akwai irin wannan a ƙauyenku, wani dattijo ya je ya same shi a gida cikin makon nan.

Kafin ruwan fari ya sauka, maigida ya ɗauki yara zuwa gona da sassafe. A sami kututture guda da ba a taɓa gyarawa ba. Yaran su ƙidaya tohon, su zaɓi waɗanda za a bari, su faɗi dalili, uban ya yi yankan suna kallo. A ɗaura tsumma a jikinsa domin masu kiwo da masu neman itace su san yana da mai shi. Da dare a karanta Ayuba 14:7-9 da Ishaya 11:1, a tambayi yaran wane ne tohon da ya fito daga kututturen Yesse. Takarda ta gaba za ta ɗauki kalmar meno, wato zama.